Yadda ake tsallake jarrabawar share fagen ƙwarewa a likitanci ba tare da takardu sun kayar da kai ba

Na ga likitoci da dama a Birnin Kebbi da Gusau sun kwana wata huɗu suna karatu, ranar cike fom kuma takarda ɗaya ta hana su zama. Shi ya sa zan fara da takardu, domin nan ne ni ma na yi tuntuɓe.

Da farko ka tsayar da fanni da kwalejin da za ka zauna jarrabawarta. Akwai ta ƙasa, NPMCN, da aka kafa a 1979, tana Ijanikin a Legas. Akwai kuma na Afirka ta Yamma guda biyu: WACP ta ɓangaren magani, WACS ta ɓangaren tiyata. Kowacce tana jarrabawa sau biyu a shekara, kuma ta fanni ake yin ta. Wanda ya ci ta tiyata ba zai ɗauki sakamakon ya nemi horo a fannin yara ba. In aljihu zai ɗauka, ka zauna ta ƙasa da ta yankin duka. Kuɗi ne mai yawa, amma karatun kusan ɗaya ne.

Sai cancanta. Shaidar digiri ba ta isa ba. Dole ka gama shekarar horon sabon likita, ka mayar da rajistarka ta wucin gadi da MDCN, hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, ta zama cikakkiya, kuma lasisinka na shekarar ya kasance a hannu. Ni lasisin ne ya kayar da ni. Ina aiki a wani asibitin karkara, na bar sabuntawa har Disamba ta wuce, ban kuma tara makin ƙaro ilimi 20 da ake buƙata ba. Kafin in haɗa komai an rufe shafin rajista, na rasa wata shida. Ka sabunta tun Oktoba, kada ka jira kowa.

Abu na biyu da ke cin mutanenmu shi ne suna. A digiri ka sa sunan garinku, Argungu ko Ƙaura, a rajista babu shi, ko an juya sunan mahaifi ya zo gaba. Ka shimfiɗa takardunka duka a tebur, ka duba harafi-harafi. In akwai saɓani, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa yanzu, ba a makon rufewa ba. Shekarar bautar ƙasa ita ce lokacin da ya fi dacewa a zauna jarrabawar, tunda ilimin makaranta bai gudu ba, amma takardar kammala bautar sai ka nuna ta ranar neman gurbin horo.

Batun maki. A kwamfuta ake yi, tambayoyin zaɓi, daga ilimin tushe: tsarin jiki, aikin gaɓoɓi, ilimin cututtuka da na magunguna, gwargwadon fanninka. Tsofaffin tambayoyin da ke yawo a WhatsApp da yawansu na salon "gaskiya ko ƙarya" ne, kuma amsoshinsu cike da kurakurai. Ka yi amfani da su don gane inda ake yawan tambaya, amsa kuwa ka nemo ta a littafi. Ranar zama, ka karanta umarnin da ke kan allo. In ba a rage maki kan kuskure, kada ka bar tambaya ko ɗaya babu amsa. Kuma a atisaye kada ka gamsu da rabin maki, ka riƙa neman kashi 70.

Ka zaɓi cibiyar jarrabawa da wuri, ka tafi da kwana biyu a gaba, kuma da rana, ka san halin hanyoyinmu.

In ka ci, sakamakon yana da wa'adi, kada ka ajiye shi a akwati. Ka nemi gurbi nan da nan, a Gusau, Birnin Kebbi ko UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, amma ka fara tambaya ko kwalejinka ta amince da sashen da kake so, domin watannin da ka yi a sashen da ba a amince da shi ba ba za a ƙirga maka su ba.