Darasi na 9: Fotokol, garin bakin gada

Ku buɗe taswirar Kamaru, ku kai yatsa can sama kusa da Tafkin Cadi. Daga Kuseri ku yi yamma kimanin kilomita 100. Inda hanya ta ci karo da kogi, nan ne Fotokol, a cikin yankin Logon da Shari na lardin Arewa Mai Nisa. Kogin shi ne El Beid, wasu kuma su ce Ebeji. Yana gangarawa arewa zuwa tafki. Da ka haye gada ka shiga Gamboru, ƙasar Najeriya.

Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba tudu. Baƙar laka ce. Da damina takan riƙe ƙafar jaki da tayar mota, da rani kuma ta tsage har ka iya zura hannu. Amma kada a raina ta. Idan ruwa ya janye, a kanta ake dasa masakwa, dawar da ba ta jiran ruwan sama, danshin da lakar ta ɓoye ya ishe ta har girbi.

Su wa ke zaune a garin? Akwai Kotoko, tsofaffin mazauna wannan ƙasa, masu kamun kifi. Akwai Larabawan Shuwa da shanunsu, da Barebari, da Fulani, da mu Hausawa da fatauci ya kawo kakanninmu. A kasuwa mai tebur ɗaya zai yi ciniki da Larabci, ya juya ya gaisa da Barbarci, ya ba da canji da naira ko sefa, duk wanda ka miƙo.

Yanzu ku natsu, ga abin da nake so ya zauna muku. Kogin nan ba tun fil'azal yake iyaka ba. Rabeh, mayaƙin da ya fito daga Sudan, ya ci Borno a 1893, ya zauna a Dikwa can ƙetaren kogi, Faransawa suka kashe shi a Kuseri a 1900. Bayan haka Jamus ta mallaki gaɓar nan da ta ƙetare duka. Sai da aka ci Jamus a Yaƙin Duniya na Farko, Ingila da Faransa suka raba ƙasar a 1919, Dikwa ta faɗa hannun Ingila, mu muka faɗa hannun Faransa. Kamaru ta sami 'yanci a 1960, a 1961 kuma mutanen ƙetare suka kaɗa ƙuri'a suka bi Najeriya. Shi ya sa za ka ga dattijo a nan, ƙanwarsa tana aure a Gamboru, sai ya nuna kati ga jandarma kafin ya je suna.

Gadar da ke kawo mana kaya daga Maiduguri zuwa Njamena ta kawo mana baƙin ciki ma. Ranar 4 ga Fabrairu, 2015, 'yan Boko Haram suka afka wa garin da asuba, suka kashe mutane da yawa, har a masallaci. Allah ya jiƙansu. Wasu daga cikinku a ajin nan gudun hijira ne ya kawo su, mun sani, kuma garin naku ne.

Aikin gida: ku zana kogi da gada a littafinku, ku rubuta Fotokol a gabas, Gamboru a yamma. Sannan ku tambayi babban gidanku daga ina kakansa ya zo, ku rubuta sunan garin, gobe kowa zai karanta nasa a gaban aji.