Yadda za ka gane asalin gari daga sunansa

Mai binciken tarihin wani gari a jihar Tawa ta Nijar ya fara da sunan, amma daga bakin mazauna wurin, kada ya dogara da allon bakin hanya. Rubutun Faransanci ya karkatar da sunaye da dama: Birni N'Konni Birnin Ƙonni ne, wannan N' ɗin ba komai ba ce illa "n" ta mallaka da aka yanke. Guidan kuma gidan ne, kamar a Gidan Rumji.

Idan ka ji "birni", nemi ganuwa. A da, girma kaɗai ba ya mai da gari birni, sai an kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, ga sarki da fada a ciki. Ka sa wani dattijo ya zagaya da kai. Ko ganuwar ta rushe, za ka ga tudun jar ƙasa ya miƙe, da kwarin da aka haƙi ƙasar ginin a gefensa, galibi ya koma kududdufi. Unguwar da ake kira Ƙofar kaza ita ma shaida ce. Ƙonni ta sha wuta a hannun sojojin Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa, a 1899, don haka rashin gini a tsaye ba hujja ba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ma'anar yau a ɗora wa jiya. Yamai birni ce a bakin kowa, amma ta bunƙasa ne bayan an maido hedikwatar mulki daga Damagaram a 1926.

Zango masaukin ayari ne, a bayan ganuwa ake yin sa saboda baƙi da raƙuma. A Damagaram har yau ga Birni ga Zango, kowanne da tarihinsa. Tunga kuwa manoma ko masunta ne suka yi bukkoki na ɗan lokaci, zama ya ɗore. Ruga ta Fulani ce. Inda aka ce Gidan wane ko Garin wane, tambayi zuriyar mai sunan wa ya haƙa rijiyar farko, domin nan gardamar asali take warwarewa.

Kada ka tilasta wa kowane suna Hausa. Koira da Zabarmanci gari ne, sunan unguwar Koira Tegui ta Yamai sabon gari ke nan. Sunaye masu farawa da In ko Cin a arewacin Tawa, irin su Cintabaraden, Buzanci ne, sai ka nemi mai jin harshen.