Kurakuran da baƙi suka fi yi a gidajen zane da kayan tarihi na birnin Roma

Yawancin wahalar da baƙo ke sha a Roma daga zato ɗaya take tasowa, wato cewa duk gidajen zane da kayan tarihin birnin a hannu ɗaya suke. Wasu na Batikan ne, fadar Fafaroma, wadda ƙasa ce mai cin gashin kanta tun 1929 duk da a cikin birnin take. Wasu na gwamnatin Italiya ne, irin su Galleria Borghese da Palazzo Barberini da Kolosiyam, tsohon filin wasan Romawa. Wasu na hukumar birni ne, kamar gidajen Capitolini. Akwai kuma ayyuka masu daraja da ke rataye a cikin majami'u, inda har gobe ibada ake yi. Kowane ɓangare da ranar hutunsa, da tikitinsa, da dokarsa, kuma babu wanda ke tambayar ɗan'uwansa.

Farkon inda abin ke kama mutum shi ne rana. Gidajen tarihin Batikan a rufe suke ran Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata. Galibin na gwamnati kuwa Litinin suke hutu: Borghese, Barberini, Palazzo Massimo, har da MAXXI na zanen zamani. Wanda ya ware Lahadi don Batikan, Litinin don Borghese, ya yi asarar kwana biyu ke nan a bakin ƙofa. Juya su kawai za a yi. In kuma ana gudun cunkoso, to Litinin ɗin ma ba ta Batikan ba ce, domin duk wanda ya tarar da sauran wurare a rufe can yake nufa. A bar ta ga Capitolini, wanda ke buɗewa kullum. Tarinsa ya faro ne a 1471, lokacin da Fafaroma Sixtus na Huɗu ya ba mutanen Roma kyautar wasu mutum-mutumin tagulla. Sarki Marcus Aurelius da ke bisa doki a dandalin waje kwafi ne. Na ainihin yana ciki, kuma da yawa su ɗauki hoton na waje su wuce.

Sai maganar ranar kyauta. Lahadin farko ta kowane wata ana shiga gidajen gwamnati ba ko sisi, Batikan kuma Lahadin ƙarshe. Araha ba ta ado. A Batikan ranar ba a kama wuri tun da wuri, layi ake bi, kuma da ƙarfe biyu na rana an rufe. Mazaunin Roma zai iya jurewa, don gobe ma rana ce. Wanda ya nemi biza, ya biya jirgi da masauki, bai kamata ya ƙona rabin yini a layi don gudun kuɗin tikiti ba. Borghese kuwa ko a ranar kyauta sai da kama wuri.

Katin Roma Pass ma yana ruɗin mutane. Yana rage kuɗin shiga gidajen gwamnati da na birni, ana hawa bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi, amma ba ya aiki a Batikan, kuma ba ya ɗauke wa mai shi kama lokaci a Borghese ko Kolosiyam. Rangwamen matasa masu shekara 18 zuwa 25 galibi na 'yan Tarayyar Turai ne da masu takardar zama a can, don haka kada mai bizar yawon buɗe ido ya sa shi a lissafi. Yara 'yan ƙasa da 18 kuwa kyauta suke shiga gidajen gwamnati ko daga ina suka fito, muddin an nuna fasfo. Tikitin Kolosiyam da suna yake fita, kuma ana iya duba shi da fasfo a ƙofa, saboda haka a rubuta sunan yadda yake a takarda, ban da inkiya. Masu tare mutane a hanyar Batikan suna cewa za su shigar da kai ba layi, su da shafukan intanet masu kama da na hukuma, tikitin nan dai suke sayar maka da ƙarin riba. A saya daga shafin gidan da kansa, makonni kafin tafiya in lokacin bazara ne.

Galleria Borghese ta cancanci a tsaya a kanta, domin nan ne rashin shiri ya fi ciwo. Awa biyu ake ba kowane mai tikiti, in lokaci ya cika a fita da kai. Ana kuma karɓar manyan jakunkuna a ajiye, wanda shi ma yana cin mintoci, don haka a iso da wuri. Kadinal Scipione Borghese, ɗan 'yar'uwar Fafaroma Paul na Biyar, shi ya tara kayan, kuma shi ya sa masassaƙi Bernini aiki tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Abin da mutane ke yi shi ne su tsaya gaban sassaƙar Apollo da Daphne da Bernini ya yi daga tatsuniyar Girkawa, su ɗauki hoto daga gaba, su yi gaba. Ba don a kalle ta daga wuri ɗaya aka yi ta ba. Ka fara daga bayan Apollo, ka zagaya a hankali, sai ka ga labarin yana buɗewa: yana bin ta a guje, hannunsa ya kai gare ta, yatsunta sun fara zama ganye, ƙafarta tana yin saiwa. A ɗayan ɗakin, inda Pluto ya sungumi Proserpina, duba inda yatsunsa suka lotsa cinyarta. Dutsen marmara ne, amma ido ba ya yarda. A wannan hawa na ƙasa kuma akwai zanen Caravaggio guda shida a ɗaki ɗaya. Cikinsu akwai Dauda riƙe da kan Jaluta, kuma masana sun daɗe suna cewa fuskar da ke kan yankakken kan nan ta mai zanen ce da kansa. Mutumin ya yi kisan kai a Roma a 1606, ya gudu, ya mutu a 1610 bai dawo ba. A ganina hawan ƙasa ya ci awa ɗaya da kwata, ragowar a kai sama wajen Raphael da Titian. Wanda ya raba lokacin daidai wa daida zai fita bai ƙoshi da ko ɗaya ba.

A Batikan kuskuren gudu ne. Alamomi duk suna nuna hanyar ɗakin ibada na Sistina, jama'a kuma na tura ka kamar ranar kasuwa, sai mutum ya keta dogon zauren taswirori, mai taswira 40 na yankunan Italiya da aka zana a bango wajen 1580, bai ɗaga kai ba. Wanda ya fi ban takaici shi ne wuce ɗakunan Raphael. A bangon da aka fi sani da Makarantar Atina, wanda ya zana tsakanin 1509 da 1511, ka dubi gefen hagu ta ƙasa. Akwai wani mai rawani da ya sunkuyo yana leƙen abin da Pythagoras ke rubutawa. Masana tarihin zane sun ce Ibn Rushd ne, alƙalin Ƙurɗuba da aka haifa a 1126, ya rasu a Marrakesh a 1198, wanda ɗaliban fiƙihun Malikiyya suka sani ta littafinsa Bidayatul Mujtahid. Turai ta san shi ne da sharhin da ya yi wa Aristotle, kuma wannan ne ya ba shi wuri a bangon ɗakin Fafaroma. Minti goma a nan ba asara ba ne.

A cikin Sistina ba a ɗaukar hoto, ba a surutu, masu gadi kuma ba sa jin kunyar tsawatarwa. Michelangelo ya zana rufin daga 1508 zuwa 1512, ya dawo ya yi bangon Ranar Hisabi daga 1536 zuwa 1541. Dokar sutura ita ce a rufe kafaɗa da gwiwa, wanda ba abin damuwa ba ne ga mai kaftani ko mai hijabi. Hula ce ke kawo 'yar matsala: a majami'u namiji cire hula yake yi, mace kuwa ɗankwalinta da mayafinta ba mai tanka mata.

Akwai abin da littattafan jagora ba su cika faɗa ba, alhali ga mai tafiya da iyali yana da muhimmanci. Yawancin sassaƙar Romawa da Girkawa tsirara suke, haka ma zane-zane da dama. Ita kanta majami'a ta taɓa jin nauyin abin: a 1564 aka yanke shawarar a suturta mutanen da ke bangon Ranar Hisabi, aka sa Daniele da Volterra ya zana musu ƙyallaye. Wanda abin zai dame shi gara ya sani tun daga gida ya zaɓi inda za shi, maimakon ya biya kuɗi ya shiga yana sunkuyar da kai. A hawan sama na Palazzo Massimo, kusa da tashar Termini, akwai bangon ɗakin Livia, matar Sarki Augustus, da aka ciro ɗungurungum aka kawo: lambu ne zagaye da kai, rumman da tsuntsaye da furanni, ya haura shekara dubu biyu, kuma sau da yawa ba kowa a ɗakin.

Majami'u kuwa mutane kan wuce su don ba a sayar da tikiti, a zatonsu abin da ba a biya ba ba shi da daraja. A San Luigi dei Francesi akwai Caravaggio uku a kan rayuwar Matta, almajirin Annabi Isa, a Santa Maria del Popolo akwai biyu, sassaƙar Annabi Musa ta Michelangelo kuma tana San Pietro in Vincoli. Abu biyu za a kiyaye. Da yawansu suna rufewa da tsakar rana, kuma ba a yawon kallo lokacin ibada. Sannan a riƙe tsabar kuɗi a aljihu, domin lungun da zanen yake duhu ne, sai an jefa kwabo a wani akwati fitila take kamawa na ɗan lokaci.

Baje kolin wucin gadi, wanda za ka ga an rubuta mostra a allunan talla, daban yake da tarin dindindin, kuma nan ma ana tafka kuskure. Scuderie del Quirinale ba ta da kayan kanta. In ba a baje koli, ba abin gani. A nan aka buɗe na cikar Raphael shekara 500 da rasuwa a Maris 2020, annobar korona ta sa aka rufe bayan 'yan kwanaki. A 2025 Palazzo Barberini ya tara zanen Caravaggio 24 daga ƙasashe daban-daban. Irin wannan taro aro ake yi, ma'ana zanen da ka zo nema a gidansa na asali yana iya kasancewa a wani birni, sai ka tarar da 'yar takarda a bango. In akwai aiki guda da ya kawo ka, ka duba shafin gidan ko ka aika musu tambaya kafin ka sayi tikiti.

Kuskure na gaba shi ne maƙalewa a tsakiyar gari. Centrale Montemartini tsohuwar tashar wutar lantarki ce ta 1912, an jera farin marmara a gaban baƙaƙen injuna, kuma ba cunkoso. A unguwar EUR, wadda Mussolini ya fara ginawa don baje kolin duniya na 1942 da yaƙi ya hana, akwai Museo delle Civiltà mai kayan Afirka da Asiya, har da tarin tsohon gidan tarihin mulkin mallaka, daga Libiya da Eritiriya da Somaliya da Habasha. Ɗan Afirka zai shiga da tambayar yadda kayan suka zo nan, kuma tambaya ce mai tushe: dogon dutsen Aksum da aka kwaso a 1937 ya tsaya a Roma har 2005 kafin a mayar wa Habasha.

Ƙananan abubuwa: duwatsun titin Roma ba sa raga wa takalmi mai santsi ko mai tsini. Ruwan famfunan ƙarfe da ke zuba a bakin titi na sha ne, kyauta, a riƙe gora. Yuli da Agusta zafi ne sosai, a sa wuraren waje da safe. Yajin aikin bas da jirgin ƙasa ba baƙon abu ba ne, amma ana sanarwa tun kafin ranar.

Mai son sallar Juma'a kada ya kama tikitin Batikan na tsakar ranar, domin babban masallacin Roma, wanda Paolo Portoghesi na cikin waɗanda suka tsara shi, aka buɗe a 1995, yana can arewacin birni. Ranar ta fi dacewa da wannan ɓangaren. A fara da Santa Maria del Popolo da safe, a fita ta ƙofar ganuwa zuwa Piazzale Flaminio, a hau ƙaramin jirgin ƙasa zuwa tashar Campi Sportivi, daga nan a taka zuwa masallaci. Bayan an sauko a koma Flaminio a hau taragu mai lamba 2 zuwa MAXXI, ginin da Zaha Hadid, haifaffiyar Bagadaza, ta tsara, aka buɗe a 2010, wanda ba ya rufewa sai da yamma.