Yadda mawaƙin pop-punk zai zama mai kamfanin kansa

Ni dai abin da nake fara gaya wa duk yaron da ya rungumi jita don yin pop-punk, wato wani salon kiɗan Turawa mai sauri, shi ne, kada ka sayar da haƙƙin mallakar waƙoƙinka. Dubi Fat Mike na ƙungiyar mawaƙa ta NOFX, a 1990 ya kafa kamfanin Fat Wreck Chords a Kalifoniya, ya riƙa fitar da faifai da kansa.

Waƙarka ta zama gajera, minti 2 zuwa 3, ganga na gudu, amshi mai saurin kama baki. Ka naɗa, ka ɗora a Bandcamp, shafin intanet da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu.

Sai rigunan sayarwa masu sunan ƙungiyarka, kada ka raina su! Ana tashi wasa ka tsaya a teburin sayarwa da kanka, gumi na zuba, kana miƙa riga kana karɓar kuɗi. Takardar kwangila kuwa, sai lauya ya karanta kafin ka sa hannu.