Harsashi Ba Tsaraba Ba Ne: Ga Sababbin Zuwa Amurka

Ran nan bayan an sauko daga Juma'a, muna tsaye a ƙofar masallaci nan Bronx, cikin birnin Niyok, wani yaro ɗan wajen Katsina ya miƙo mini wayarsa yana washe baki. Wata biyar ke nan da saukarsa, da bizar karatu. Ga shi a bidiyo ya toshe kunnuwa, ya ɗana bindiga a kafaɗa, yana ta ɓarin wuta a wani filin koyon harbi a jihar Pensilbaniya. Ya ce, "Kawu, ka ga ƙasa! Kwalin harsashi na saya kamar mai sayen ashana, ko tambayata ba a yi ba." Na ce, "Kana da lasisin farauta?" Ya ce na mene ne. Gabana ya faɗi. Shi ne na huɗu da na gani ya taka sawun da na taka, don haka na ce bari in rubuta, in huta da maimaitawa a bakin masallaci.

Mai sauƙin tukuna. A dokar tarayya, shago ba ya sayar wa wanda bai kai 18 ba harsashin doguwar bindiga, na ƙaramar bindiga kuwa sai 21. Tarayya ba ta ce a binciki mai sayen harsashi ba yadda ake binciken mai sayen bindiga, kuma tun gyaran dokar bindiga na 1986 ba ta hana mutumin wata jiha saye a wata ba. Shi ya sa a Pensilbaniya ko Texas ko Jojiya za ka shiga shago, a dubi shekarunka a lasisin tuƙi, ka biya, ka fita. Wasu shagunan kan ƙara tsaurinsu, kamar Walmart da ya mai da shekarun 21 a 2018, ya kuma daina sayar da harsashin ƙaramar bindiga daga 2019. Iyakarsa ke nan.

To sauƙin nan shi ne ramin. Mai shago ya karɓi kuɗinka ba yana nufin ya halatta gare ka ba. Shi ya fita haƙƙinsa, kai ka ɗauki naka.

Dokar tarayya ta jera mutanen da aka haramta wa riƙe bindiga, kuma duk inda ta ce bindiga sai ta ce "ko harsashi". Ƙwaya ɗaya a aljihu daidai take da bindiga a hannu. Cikin jerin akwai wanda ke zaune ba takardu, akwai kuma wanda ya shigo da bizar wucin gadi: ta ziyara, ta karatu, ta aiki. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin, ba ya ciki, shi hukuncinsa a nan kamar na ɗan ƙasa ne. Mai bizar wucin gadi yana da 'yar ƙofa: idan yana riƙe da lasisin farauta mai rai wanda wata jiha ta Amurka ta ba shi, haramcin ya sauka a kansa. Mai rai na ce. Ran da lasisin ya mutu, ko izinin zamanka ya mutu, kwalin da ke ƙarƙashin gadonka ya koma shaida a kanka. A da hukuncin yana tsayawa a ɗaurin shekara 10, a 2022 aka ɗaga shi zuwa 15, bayan haka kuma ga 'yan shige da fice suna jira a bakin ƙofa.

Masu cewa ai wasa ne a filin harbi, ba mallaka ba ce, su nemi labarin Hamid Rehaif. Ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne, ya zo karatu Fulorida, makaranta ta sallame shi saboda faɗuwa jarrabawa, matsayin zamansa ya tafi tare da ita. Ya je filin harbi ya yi harbe-harbensa, aka gurfanar da shi, aka ɗaure shi wata 18. Sai da shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2019 ta ce dole gwamnati ta tabbatar ya san zamansa ya lalace. Ya yi nasara a kan wannan gaɓar, amma wa ke son irin nasarar da sai an sha ɗauri ake samunta?

Ku kuma manya masu takardu, da ku nake. Baƙo ya zo daga gida, kana son ka burge shi, ka kai shi harbi, ka saya masa kwali da katinka. Miƙa harsashi ga wanda ka san an haramta masa laifi ne mai zaman kansa. Ka kai shi ya ga Mutum-mutumin 'Yanci, ka cika shi da tuwo, ya isa karamci.

Ni ba a nan na faɗi ba, don ina da girin kad a lokacin. Ni iyakar jiha ce ta kayar da ni.

Kakana mafarauci ne, da adakarsa da karnukansa da layu har gwiwar hannu, kuma na taso ina jin abin a jinina. Da wani aminina da ke Harrisburg ta jihar Pensilbaniya, cikin 'yan uwanmu na Nijar da ke can, ya gayyace ni farautar barewa bayan bikin Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba, ban yi wata-wata ba. Na yi komai bisa ƙa'ida: na zauna ajin koyar da mafarauta, na yanki lasisin baƙo, na sa rigar nan mai ruwan lemo. Bindiga tasa ce. Harsashi ni na saya, kwali ɗaya mai guda 20. Kwana biyu muna sandarewa a bisa bishiya, na harba uku, ban samu ko kunnen barewa ba. Da za mu rabu na miƙa masa bindigarsa, ragowar 17 na jefa a but, kusa da safaya, wai kuɗina ne, baɗi ma rana ce.

Na manta da su sarai. Wata biyu suna bina cikin Niyok, ina ɗaukar fasinja ina saukewa.

Wani dare aka tsayar da ni saboda fitilar birki ta mutu. Ɗan sandan ya ce ko zai iya duba but. Ni da na san ba na shan komai, ba na ɗauke da komai, har da fara'a na ce bismilla. Ya ɗaga kafet, ya haska tocila, ya yi shiru. Har yau ina ganin kwalin nan kore, gefensa ya jiƙe da man birki. Ya ce ina bindigar. Na ce ba ni da bindiga. Ya ce ina famit. Na zaro lasisin farautar Pensilbaniya da rasit, don ni mai ajiye rasit ne. Ya ce, "Nan ba Pensilbaniya ba ce." A birnin Niyok ba ka riƙe harsashin doguwar bindiga sai kana da izinin birnin da rajistar bindigar da ke cin irinsa. Ban taɓa ji ba, kuma ba wanda ya damu da ban ji ba.

A can na kwana, an karɓe mini bel da igiyar takalmi, na yi asuba da taimama a jikin bango. Matata na da ciki wata bakwai. Jama'armu, Allah Ya saka musu, kafin azahar an haɗa kuɗin lauya: 'yan Kumasi da Nima da 'yan Damagaram da Kanawa, har wanda muke 'yar tsama da shi ya sa hannu a aljihu. A wannan fannin ban ga wanda ya kama ƙafarmu ba. Bayan zarya kotu wajen wata shida aka rufe maganar ba tare da an same ni da laifi ba. Amma takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambaya ko an taɓa kama ka, ko da an sallame ka. Dole na ce e, na nemo takardun kotu masu hatimi, na zauna gaban jami'a ina bayanin barewar da ban kashe ba. Adashen da muka ware na haihuwa, lauya ya cinye.

Yau jihar Niyok ta ƙara ɗaurewa. Tun 13 ga Satumba 2023, duk mai sayen harsashi sai an bincike shi ta hannun 'yan sandan jiha, ya biya dala 2.50, kowane saye da bincikensa.

Direbobinmu na manyan motoci, masu keta jiha biyar a yini, ku ne kuka fi bukatar abin da ke tafe. Niyu Jazi tana neman katin izini kafin a sayar maka da harsashin ƙaramar bindiga, kuma ta tsananta a kan mai ramin baki ɗin nan da ke buɗewa in ya shiga jiki. Konetikat ta kafa takardar izinin sayen harsashi a 2013, bayan kisan yara a makarantar Sandy Hook. Ilinoyi tana da katin FOID, wato katin shaidar mai bindiga, tun 1968, mazauninta ba ya riƙe harsashi sai da shi. Masacuset da birnin Washinton kuwa har kwanson da aka riga aka harba suna lissafa shi harsashi. Wato yaron da ya tsinci kwanso mai sheƙi a filin harbi don ya rataya a makulli, a can ya ɗauki magana.

Kalifoniya ta fi kowa wahalar da baƙo. Masu zaɓe sun amince da dokar a 2016, binciken mai saye ya fara 1 ga Yuli 2019, kuma an gina shi a kan katin shaidar jihar. Baƙo daga wata jiha in ya shiga shago, galibi haƙuri za a ba shi, sai dai ya saya a filin harbi ya ƙarar a wurin. Mazaunin jihar kuma ba ya tsallakawa Nebada ya sayo ya shigo da shi a mota, sai ya turo ta hannun dillali mai lasisi. An daɗe ana kai ruwa rana a kotu kan wannan doka, saboda haka kafin ka tashi ka buga wa shagon waya, ka kuma karanta shafin ma'aikatar shari'ar jihar da idonka. Kada ka dogara da wani a zauren WhatsApp da ya ce ɗan uwansa ya yi bai ga komai ba.

Za ka ji ana cewa dokar 1986 ta ba matafiyi damar ratsa kowace jiha. Gaskiya ne, da sharaɗi: abin ya halatta gare ka inda ka taso da inda za ka, bindiga ba harsashi a cikinta, duka a kulle inda hannu ba ya kaiwa, kuma wucewa kake yi. Ka yada zango kwana biyu gidan ɗan uwa a Newark ta Niyu Jazi, ka fita daga inuwarta.

A jirgi, harsashi ba ya shiga jakar hannu ko kaɗan. Sai cikin kayan awo, a kwalinsa, kuma yawancin kamfanoni ba sa yarda ya wuce kilo 5. Jakar da ta taɓa zuwa filin harbi kada ta bi ka gida. A 2024 an tsare Amurkawa da dama a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan ƙwayoyin da suka manta a jaka. Ka yi tunanin a zaro ƙwaya ɗaya daga jakarka a filin jirgin Kano ko Yamai, a irin halin tsaron da ake ciki, ka ce mantuwa ce.

Yaron Katsina, Allah Ya taimake shi, ragowar kwalin a gidan mai masaukinsa ya baro. Na karɓi lambar mutumin na wanke shi tas, duk da ya girme ni. Ranar Litinin na kai yaron wurin lauyar shige da fice, na biya kuɗin ganawar. Muna fitowa ya ce, "Kawu, to ajin mafarautan nan, yaushe ake buɗewa?" Na ce ya fara kawo mini sakamakon zangon farko tukuna.