Kafin a kwance injin tsohuwar ƙaramar tarakta

Jama'a, masu ƙaramar tarakta ta aikin lambu, in ta fara fitar da shuɗin hayaƙi tana shan baƙin mai, galibi ringin fistin ne ya cinye, wato zoben da ke toshe tsakanin fistin da bangon silinda. Amma don Allah kada a ruga kasuwar kayan gyara ta Panteka a sayo sabo a zura. A fara kai silinda a auna. In cikinta ya buɗe, ko farce yana kama zane a jikinta, sabon ringi ba zai riƙe ba, asarar kuɗi ce. Gaskit ɗin da ke tsakanin silinda da murfinta kuwa sabo za a sa, a ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan. A riƙa tsaftace matatar iska lokacin hunturu, ƙurar nan ce ke cin ringi.