Kafin ka kama haya a Almaty

Kowace Satumba sai na ga sababbin ɗalibanmu sun sauka Almaty, birni mafi girma a Kazakhstan, da 'yar rigar sanyin da suke sawa da hunturu a Kano. Ba zan ɓata baki a kan wannan ba: ka sayi jibgegiyar riga da takalmi mai gashi a ciki kafin Nuwamba. Wanda karatu ya kai Astana, babban birnin ƙasar, kuwa, can sanyi yana kai digiri 30 ƙasa da sifiri, ga iska a fili fetal.

Kazakhstan ta kusa ninka Najeriya sau uku, kuma ba ta da mafita zuwa babban teku. Man fetur ɗin da kake ji yana can yamma, wajen Atyrau da Tengiz, fiye da kilomita 2,000 daga nan. Duk wanda ya tare ka a Almaty ya ce zai cusa ka kamfanin mai, yi masa godiya ka wuce.

Inda na sha wuya shi ne haya. Doka ta ce mai masaukin baƙo ya sanar da hukumar shige da fice cikin kwana uku na aiki, kuma duk sauya gida sai an sake. Ni da na bar ɗakin kwanan ɗalibai, wata dattijuwa na samu mai fara'a, har shayi da madara ta haɗa mini ranar farko. Ta karɓi kuɗin wata ɗaya da na ajiya, tenge (kuɗin ƙasar) a hannu, ba takarda. Na tambayi yarjejeniya, ta ce ai mun zama uwa da ɗa. Ashe haraji take gudu. Da lokacin sabunta biza ya zo, adireshina na hukuma na nan a ɗakin da na bari tuntuni. Kwanaki na yi ina zarya a dusar ƙanƙara da Rashancin da bai wuce gaisuwa ba. Kuɗin ajiyar kuma har yau shiru.

Don Allah, ɗan'uwa, fara samun lambarka ta IIN, wato lambar shaidar mutum mai alƙaluma 12 da hukuma ke bayarwa, ka buɗe asusun banki, ka riƙa biyan haya ta waya don shaida ta zauna. Mai gidan da ya ƙi sa hannu, bar masa gidansa.

Mu kaɗan ne, amma alhamdulillahi, duk wanda ya yi magana kafin ya taso za a tarbe shi a filin jirgi. Abin haushin, sai yaro ya biya kuɗi sannan ya kira.

Idan aka ajiye maka beshbarmak, abincinsu na gargajiya na dafaffen nama da taliya, tambayi naman. Sau da yawa na doki ne.